Gishirin da Bai Narke Ba

…ai kuwa ta gani. Tun jiya da la'asar ta gani, kada ta yi wa kanta ƙarya. Da ta farke sabon buhun, gishirin a dunƙule yake kamar kanwa, sai da ta sa muciya ta farfasa. Ta zuba a bokiti, ta juya, ta juya, ruwan ya ƙi yin garau. Fari, kamar ruwan wankin shinkafa. Ya kwana a haka. Amma yau Juma'a, takardar da ke manne a bango kuma ta ce Juma'a ake canjin ruwa — rubutun mijinta, Baban Safa, biro shuɗi, harafi a karkace. Sai ta zuba.

Ga ta nan durƙushe gaban akwatin gilashin, a falonta na Dutse, Hajiya Adawiyya, mai jikoki shida, tana leƙen kifi. Ɗaya ya riga ya tafi, yana cikin kofi a kan tebur. Ɗayan yana kwance a kan yashi ta gefe guda, jikinsa ruwan goro mai ratsin fari, yana buɗe baki yana rufewa. Kyaftin ne ko Kuku? Oho. Mai gidan ne kaɗai ke bambanta su. Ya nuna mata ya fi sau ashirin: duba wutsiyar, Adawiyya, wutsiyar… ita kuwa hankalinta na kan tukunya. Wata takwas ke nan da rasuwarsa, tana ciyar da su safe da yamma, ba ta san sunan wanda ya mutu ba.

Gishiri dai. A gishiri ma ana samun mugu?

Wa ya zuba gishiri a ciki? — abin da ta tambaye shi ke nan. Legas, bakin teku, tana da shekara goma sha tara, zanin amarcinta ya jiƙe har gwiwa. 'Yar Aujara, ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce kududdufin bayan gari ba. Ta ɗanɗana, ta tofar. Angonta Yahuza ya yi dariya har sai da hularsa ta faɗi, igiyar ruwa ta tafi da ita, ya bi ta da gudu da takalmi a ƙafa… Ɗaki ɗaya a Apapa. Ƙarar jiragen ruwa kafin asuba. Rigarsa mai warin baƙin mai, ta wanke ta wanke ba ya fita. Shekara talatin da ɗaya yana gyaran injin jirgin da ke jan manyan jirage zuwa tasha, ita kuwa kullum maganarta ɗaya: yaushe za mu koma gida? Ta tsani garin. Wallahi ta tsane shi. To me ya sa yanzu warin man nan take nema a hanci?

Sa'a guda da ta wuce Ikrima ya kira daga Kano, shi ke aiko mata da gishirin a mota.

"Hajiya, don Allah kada ki taɓa buhun nan. Duk wanda ya zo a wannan karon lalatacce ne, tun daga haɗi aka yi kuskure. Mutum uku sun kira ni."

"Na riga na zuba, Ikrima."

Har tana jin hayaniyar kasuwa ta bayansa.

"Innalillahi. Akwai ragowar tsoho a gidan? Ko kaɗan ne, ki haɗa a bokiti ki kwashe su. Sabo ba zai iso ba sai Talata."

Ta ce babu.

Babu — haka ta ce wa yaron mutane, bakinta ko rawa bai yi ba.

Kumfa na tashi daga ɗan bututun iska. Sola ke ba shi wuta. Solar da aka sa wa kifi tun kafin a sa wa firjinta, kwana uku ba ta yi masa magana ba a kan haka. Da suka dawo Dutse bayan ya yi ritaya, ba ga ta a gida ba? Dangi, biki, suna, kasuwar Shuwarin. Shi ne ya zama baƙo. Ya zauna a ƙofar gida yana kallon duwatsu. Sai wata rana ya koma Legas, ya dawo da kifin teku biyu cikin kula a kan cinya, tun daga can bai yarda an sa ta a but ɗin mota ba. Maƙwabta suka cika falon. Malam Nata'ala ya daɗe yana kallo, ya ce, "Alhaji, to yaushe za su isa ci?"

Safa kuwa… Umma, ki ba da su, ki dawo wurina Jahun, ga ɗaki nan. Kowane mako sai ta faɗa. Kowane mako amsa ɗaya: kifin Babanki fa? Idan wannan ma ya bi ɗan'uwansa, me za ta ce? Ko kuwa… ko dama ta gaji ne? Ɗaukar bokiti, gwiwa na ciwo, awo, sharar gilashi. Shi ya sa hannunta bai tsaya ba da safe? A'a. Astagfirullah. A'a.

Bakin kifin ya rage sauri.

Akwai. Akwai mana. A ƙasan durowarsa, bayan manyan riguna. Ragowar buhun ƙarshe da ya buɗe, bai fi kofi uku ba. Ita ta ɓoye shi ranar sadakar bakwai, ba ta san dalili ba. Ta jawo shi yanzu, ga bakin a ɗaure da igiya shuɗiya, irin ƙullin nan nasu na ma'aikatan jirgi, wanda ba ya kwancewa sai an ja bakin da ya dace. Yatsunsa ne suka yi wannan. Masu kauri, farcen babban yatsa a tsage. Da safiyar wata Juma'a, yana tari, yana cewa sanyi ne kawai…

Baban Safa, ka yi haƙuri.

Ta ja. Sul, ya warware, kamar ba a taɓa ɗaure komai ba.

Ruwan leda goma sha biyu, tana fasawa da haƙori. Gishirin na narkewa nan take, garau, har tana hango tsagar gindin bokitin. Allurar ɗan ma'aunin gishirin ta tsaya a kan layin da ya shata da jan fenti. Takardar ta ce a bar ruwa ya kwana. Ina lokacin? Ta mayar da bututun iska cikin bokitin, ta sa 'yar raga a hankali ta ɗauko kifin zuwa ciki. Bai ko guje mata ba. Da can sai ya zagaya da ita akwatin nan sau goma.

Lasifikar masallaci ta fara huɗuba. Mazan unguwa na wucewa ta bayan taga, ƙamshin turare, ƙarar takalma.

Tana zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe, igiyar a hannu. Ta lanƙwasa nan, ta zura can… ba haka ba ne. Ta sake. Ƙullin daddawa kawai ke fitowa. Shekara arba'in da huɗu tana kallon hannun nan yana yi, ko sau ɗaya ba ta ce koya mini ba.

Cikin bokitin wutsiyar ta motsa. Shi ne, ko kumfar ce ke kaɗa shi? Ya kamata ta matsa ta duba. Bari dai gwiwar ta lafa tukuna… bari ta lafa.