Ledar Kujerun Falo

Malamin zane ya je sayen farar leda da zai rufe hotunan da ɗalibansa suka zana, ya ji kuɗinta, ya juyo gida hannu rabbana. A falo ya tsaya ya ƙura wa kujerun matarsa ido. Shekara tara ke nan ba ta yarda an ɓare musu ledar kamfani ba. Ya ɗauko almakashi.

Washegari ana tsakiyar baje hotunan a makaranta, sai ga matar da ƙawayenta uku. Ta sauko da hotuna huɗu daga bango, ta jera a ƙasa.

"Haba, me kike yi haka?" ya ce.

"Malam, baƙi na yi. Inda ledata take, nan ne falona. Ƙawayena, ku zauna mana."