Lofen Ɗangoma

A ƙauyukan Kurfai da ba su saki al'adar kakanni ba, kowa ya san mutumin da ya mutu a nesa, ba a ga gawarsa ba, ta hanci yake dawowa gida. Ba a ganinsa, ba a jin takunsa. Wata rana kawai mutanen gida za su ji ƙanshin tabarsa ya cika tsakar gida alhali ba wanda ya kunna lofe. Kuma ba a yin kuskure, domin a wancan zamani kowane magidanci da irin haɗin da yake sha. Idan haka ta faru sai a ɗauko lofen mamacin, a cika shi da haɗinsa, a ɗora garwashi, a jingine shi a gindin gawo a bar shi ya sha abinsa. In tabar ta cinye sai a fasa tukunyar lofen da dutse. Daga nan an sallame shi, ba zai sake dawowa ba.

Tambara ta san wannan fiye da kowa, don sana'arta ke nan, haɗa taba. Mijinta Ɗangoma yana cikin mutanen da aka kwashe a shekarar da Nasara suka kafa bariki a Filinge, suka ce suna son masu ɗaukar kaya zuwa gabas. Daga gona aka tare shi, ba a ko bar shi ya shiga ɗaki ba. Ya tafi da battar tabarsa rataye a wuya, lofen kuwa yana nan soke a jikin jinka inda ya bar shi da safe.

Wasu daga cikin waɗanda aka kwashe sun dawo da ƙafafunsu, a rame, ba sa son a tambaye su komai. Wasu sun dawo ta hanci. Ladi, maƙwabciyar Tambara, tana cikin tankaɗe ta ji tabar ɗanta, ta ajiye rariya ta zauna a ƙasa. Haka aka bi gidaje ana fasa lofe, har ɓaraguzan yumɓu suka taru a gindin gawon bakin gari. Gidan Tambara ne kaɗai ba a ji komai ba.

To hancin Tambara ba hancin wasa ba ne. Mace ce da za ka miƙa mata ganye ido a rufe ta gaya maka na fadamar Damana ne ko na wajen Baleyara, a inuwa aka shanya shi ko an yi gaggawa an baza shi a rana. Saboda haka da ta ce ba ta ji komai ba, ba wanda ya iya ce mata ta ji. Ita kuma ta riƙe wannan gam: tunda bai zo ta hanci ba, yana da rai. Duk abin da take da shi a duniya ke nan, kuma ta tsare shi da kyau. Ta daina yin haɗin Ɗangoma ko da wasa. Ta fitar da saiwar jema da kajiji daga gidanta, har turaren wuta ta bari, don kada wata rana hancinta ya ruɗe ta. Kowace safiya kafin ta buɗe ido sai ta ja numfashi a hankali. In ta ji warin awaki da tokar murhu kawai, sai ta tashi da ƙarfinta.

Haɗin nan kuwa ita ta ƙirƙiro shi tun suna sabon aure. Ganyen ƙasan karan taba take tsinka, waɗanda suka fi sanyi, ta ƙara kaɗan daga na sama don ya ɗan kama maƙogwaro. Ta rataye su cikin rumbu har su yi launin fatar akuya, ta yayyafa ruwan zuma, ta daka saiwar jema da ɗan kajiji ta barbaɗa, sannan ta danne cikin tulu ta rufe baki da laka. Ɗangoma bai taɓa kushe haɗin ba. Abin da suke faɗa a kai kullum shi ne cika lofe. Ita in ta cika sai ta danna da babban yatsa har ya yi tauri, shi kuma ya yi ta zuƙa kumatu na lotsawa, hayaƙi na fitowa kamar ana roƙonsa. Ya ce mata rowa ce. Ta ce masa in ta sassauta zai zuƙe cikin ɗan lokaci ya tashi ya tafi dandali wajen abokansa, ita kuwa ba ta gama labarinta ba. Ya yi dariya, ya ci gaba da fama.

Ƙanen mijinta, Manzo, shi ne ya fi damuwa. Ba mugun mutum ba ne, yana nome mata gonar wansa kowace damina ba tare da gori ba. Amma yana ganin an bar ɗan'uwansa yana yawo a daji ba sallama. Duk kaka sai ya zo ya tsuguna a ƙofar ɗakinta ya ce a fasa lofen nan ko da ba a ji ƙanshi ba, shekaru sun yi yawa. Ita kuma ta tambaye shi ko shi ya ji wani abu. Ya ce a'a. Ta ce to ba a fasa lofen mai rai. Manzo ya tashi yana kaɗe gwiwa, sai wata kakar.

Haka gashin kanta ya fara fari. Nasara suka zama abin yau da kullum, aka saba da gardin bariki da haraji, yaran da aka haifa bayan tafiyar Ɗangoma suka isa riƙe hauya. Ranar kasuwar Filinge Tambara takan shimfiɗa tabarmarta kusa da masu kanwa, ta jera ƙore. Ga mai zafi ta masu jaki da ke son abin da zai buɗe musu ido, ga mai sanyi ta tsofaffi masu tari, ga garin taba na masu cusawa a leɓe, waɗanda ita a ranta ba ta ɗauke su mashaya taba ba. In mutum ya zo ba ta tambayarsa wacce yake so. Ta dubi haƙoransa, ta saurari muryarsa, ta ɗebo masa.

Wata ranar kasuwa da hantsi, tana sunkuye tana gyara ƙorai, sai ƙanshin ya zo mata. Jema ta fara ji, sannan zumar da ta ɗan ƙone, sannan ganyen ƙasa. Sabon hayaƙi ne, kamar yanzu aka fesa shi a gefen fuskarta. Hannunta ya tsaya cikin ƙwarya. Ba ta ɗaga kai ba, don ta san in ta ɗaga ta ga Ɗangoma a tsaye da lofe a baki, to ta ci. In kuwa ba ta ga kowa ba, shi ke nan.

Da ta ɗaga, wani mutum ta gani tsugune a bakin tabarmarta, dogo, baƙi, da tasbaha a wuyan hannu. Ba lofe a bakinsa, haƙoransa fari tas, na wanda bai taɓa shan taba ba. A wuyansa akwai tsohuwar batta, kuma ta gane ɗinkin bakinta, don ita ta yi shi da jar fata lokacin da ya yage.

Mutumin ya gaishe ta da ladabi, ya ce sunansa Magagi, daga wajen Adar yake. Ya ce wata taba yake nema, ya bi kasuwannin Kurfai da dama bai samu ba. Sai ya fara lissafa mata kamar mai karanto abin da ya haddace: ganyen ƙasa, kaɗan na sama, a rataye a rumbu, ruwan zuma, jema, kajiji, tulu da laka. Ta bar shi har ya kai ƙarshe ba ta katse shi ba.

"Wa ya koya maka wanga haɗi?" ta tambaye shi.

Ya ce wani Bakurfe ne da aka haɗa su ɗaukar akwati ɗaya a hanyar gabas. Ko sunansa na gaskiya bai sani ba, Bakurfe kawai ake ce masa. Da tabar battarsa ta ƙare, duk inda aka yada zango sai ya zauna ya buɗe battar ya shinshina, ya shiga faɗa wa Magagi yadda matarsa take haɗawa, har Magagi ya gaji da ji. Zazzaɓi ya kama Bakurfen, ya rasu tsakanin wata rijiya da wata. Magagi ya tona rami da hannu da guntun ƙwarya ya rufe shi, ya ɗauki battar don kada a bar ta a daji. Nasara ba su saki Magagi ba sai bayan shekaru, sun kai shi ƙasashen da bai san sunansu ba.

"Tun rananga, Inna, hayaƙinai bai rabu da ni ba," in ji Magagi. "Ni ban shan taba. Amma ko masallaci na shiga sai mutane su matsa. Limaminmu ya ce in ji tsoron Allah in bari. Na yi rantsuwa, ba wanda ya yarda. Wani tsoho na can ya ce mani ku Kurfayawa kuna da yadda kuka sallamar naku. Shi ya sa ni taho."

A nan Tambara ta gane kuskurenta, kuma kuskuren garin gaba ɗaya. Duk sun ɗauka mamaci lofensa yake bi. Ɗangoma kuwa battarsa ya bi, inda ɗan sauran ƙanshin hannunta yake. Shekarun nan da take tashi da safe tana murna ba ta ji komai ba, yana can rataye a wuyan wani bawan Allah, yana zaga ƙasashen mutane, yana neman hanyar gida. Baƙin ciki ya cika ta, da kunya, kamar ta bar baƙo a ƙofa tana ciki tana barci.

Ba ta yi kuka a kasuwa ba. Ta kife ƙorai, ta naɗe tabarma, ta tsaya wajen masu kayan ƙanshi ta karɓi jema da kajiji. Mai sayarwar ta buɗe baki za ta yi magana, ta dubi fuskar Tambara, ta fasa. Suka kama hanyar ƙauye, tana gaba, Magagi yana biye, ƙanshin yana tsakaninsu. Da suka shiga gari mata suka riƙa fitowa ƙofa suna ɗaga hanci. Manzo yana gyaran darni, ya saki igiyar da ke hannunsa. Bai ce mata ai na faɗa miki ba, ya je ya kamo kaza don baƙo.

A daren ta yi haɗin Ɗangoma ta rufe bakin tulu da laka. Haɗin yana son kwanaki a cikin tulu, kuma Tambara ta ƙi a gajarta ko ɗaya. Magagi ya rataye battar a jikin jinka kusa da lofen, ya kwana a zaure, da safe ya shinshina rigarsa ya ce a karon farko warin jikinsa kawai yake ji. Ya so ya tafi, amma ya tsaya don ya ga ƙarshe. Ita kuwa kwanakin nan ba ta fita ko'ina ba. Ƙanshin yana bin ta daga murhu zuwa randa, in ta zauna ya zauna. Ta ba Ɗangoma labarin duk wanda ya mutu da wanda aka haifa, da rijiyar da ta rufta, da yadda Manzo ya tsufa ya fara kama da babansu. Abin da ta yi shekaru tana tsoro, yanzu shi ne ba ta son rabuwa da shi. Da laka ta bushe a bakin tulu har ta tsage, ta yi kamar ba ta gani ba. Manzo ne ya zo ya tsuguna a ƙofa kamar yadda ya saba.

"Matar yaya, ya gaji," ya ce. "Ki bar shi shi huta."

Da la'asar aka taru a gindin gawo. Tambara ta zaro lofen daga jinka, ta busa ƙurar da ke cikin karan, ta zauna a kan saiwa ta fara cikawa. Ta zuba ta danna da babban yatsa. Ta ƙara ta danna. Ta sake ƙarawa ta danna da dukan ƙarfinta, har farcenta ya yi fari. Manzo ya sunkuyo ya ce mata a hankali wannan ai ba zai ja ba, ta sassauta. Ta ce Ɗangoma ya san yadda yake yi da shi.

Ta ɗora garwashi, ta jingine lofen a jikin itacen, ta ja baya kaɗan. Da farko ba abin da ya faru. Sannan garwashin ya yi ja, ya dushe, ya sake yin ja, kamar yadda yake yi in mutum yana zuƙa da wahala. Siririn hayaƙi ya fito ta bakin karan, inda ba leɓen kowa. Magagi ya kama tasbaharsa, mata suka ja mayafi. A sauran gidaje kafin a gama gaisawa taba ta cinye. Wannan kuwa inuwar gawo ta miƙe har ta haye hanya, shanu suka dawo daga kiwo, mutane suka fara zamewa ɗaya-ɗaya don abinci na kan wuta, lofen yana nan yana ja a hankali. Tambara tana zaune kusa da shi tana magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya matsa ya ji me take cewa.

Rana na gab da faɗuwa garwashin ya yi ja na ƙarshe ya mutu. Ta taɓa tukunyar lofen, da sauran ɗumi. Manzo ya miƙo mata dutse. Ta riƙe shi har yumɓun ya huce sarai a tafin hannunta, sannan ta fasa.

Washegari Magagi ya yi sallama ya kama hanyar Adar. Ita kuwa tun kafin ta buɗe ido ta ja numfashi a hankali, don jiki ya riga ya saba. Warin awaki ta ji da tokar murhu, daidai abin da take ji kowace safiya tun ranar da aka tafi da Ɗangoma. Ta daɗe a kwance ba ta tashi ba.