Babi Na Uku Na Hedimasta

Dakta tana da ɗalibai goma sha ɗaya masu rubuta kundin digiri na biyu a sashen adabin Ingilishi, kuma a cikinsu babu wanda ya kai Hedimasta shekaru. Ya girme ta nesa ba kusa ba. Shugaban wata makarantar firamare ne a wani gari mai tafiyar awa huɗu a mota, saura shekara biyu ya yi ritaya, ya ce shi dai burinsa ya bar aiki da wannan takarda a hannu. Kowa a sashen Baba yake ce masa. Duk Litinin ɗin farkon wata yakan bugo sammako ya zo, ya zauna a bencin ƙofar ofishinta da tsohuwar jakarsa a cinya, har sai ta sallami kowa.

Kundinsa a kan malaman makaranta ne, yadda ake nuna su a tsofaffin ƙagaggun labarai na Ingilishi. Babi na ɗaya da na biyu ta karanta, ta yi 'yan gyare-gyare. Na uku, wanda shi ne ƙashin bayan aikin, ya zo daidai lokacin da ita kanta take fafutukar harhaɗa maƙalolinta don neman ƙarin girma. Ta karɓa ta ɗora a kan durowar ƙarfe, takardun jarrabawa suka hau kai suka binne shi.

Da wata ya zagayo, Hedimasta ya shigo ya tsaya da hannuwa a baya, kamar ba shi ne mai tsayar da wasu haka ba.

"Dakta, ko an samu sukunin dubawa?"

Ba abin da zai hana ta ce ba ta karanta ba. Amma ta dubi ƙurar hanya a takalminsa, ta tuna awa huɗun nan, sai kunya ta riƙe mata harshe.

"Na duba, Baba. An yi ƙoƙari, sai dai bai yi zurfi ba. A ƙaro ra'ayoyin masana, a sake masa fasali."

Ya ciro biro ya rubuta a ɗan littafinsa, ya yi godiya ya tafi.

Bayan wata biyu ya kawo sabo, ya ninka na farko kauri. Wannan karon ta karanta. Maganganun masana ne aka yi ta dasawa ɗaya bayan ɗaya, wasu ma da gani bai fahimce su ba, muryarsa ta ɓace ɓat a ciki. Ta gaya masa bai yi ba, kuma gaskiya ta faɗa. Ya sake rubutawa karo na uku, ya fi na biyun rikicewa. Ana cikin haka wa'adin karatunsa ya cika. A taron sashe aka karanto sunayen waɗanda lokacinsu ya ƙare za a sallame su daga karatun, har da nasa. Dakta ta sa hannu tare da sauran malamai.

Lokacin hutu aka ce kowa ya kwashe kayansa za a yi wa ofisoshi fenti. Tana sauke tulin da ke kan durowa sai ga babi na ukun nan da ya fara kawowa, ko lanƙwasa babu a gefensa. Ta buɗe a tsaye da niyyar leƙa shafi ɗaya. Ba ta san lokacin da ta zauna a kan kwalin littattafai ba.

Mutumin ya bi littattafai tara, ya nuna cewa babu ko ɗaya da aka bar malami ya kai darasi ƙarshe. Kullum sai wani ya ƙwanƙwasa ƙofa, ko a aiko kiran yaro, ko marubucin ya gaji ya bi jarumin zuwa waje. Malamin ko dai mugu ne mai bulala, ko abin tausayi mai yagaggiyar riga. Sai ya tambaya, da Turancinsa mai sauƙi irin na wanda ya daɗe yana koyar da yara: su waɗannan marubuta, wa ya koya musu riƙe alƙalami? Shafi talatin da biyu ne, kuma a shekara goma sha huɗu da ta yi tana duba kundaye ba ta taɓa karanta babin da ya kai shi ba.

Mai fenti ya leƙo ya tambaya ko ya fara. Ta ce ya dawo gobe.

Kwana uku ba ta iya cin abin kirki ba. Mijinta ya lura, ta gaya masa komai.

"To yanzu wa ya sani in ba ke ba?" in ji shi. "Ki nema masa ƙarin lokaci kawai, ki ce rashin lafiya ya yi. Mutum mai shekarunsa, wa zai musa?"

"Ƙaryar farko ma ga inda ta kai shi," ta ce.

Ta rubuta takarda ta bayyana abin da ta yi, ta kai wa Farfesa, shugaban sashe, wanda shi ya koyar da ita tun tana aji ɗaya a jami'a. Ya karanta sau biyu, ya cire tabarau.

"'Yata, kin san wannan takardar fayil ɗinki za ta shiga? Ga takardunki na ƙarin girma a gaban kwamiti."

"Na sani, ranka ya daɗe."

"Ba za a iya sassauta kalmomin ba? A ce jinkiri aka samu?"

"Ba jinkiri ba ne. Ce masa na yi na karanta."

Ya mayar da tabarau, ya sa hannu. Kwamitin karatun digiri na biyu ya ƙara wa Hedimasta wata shida. Ita kuma aka ɗage maganar ƙarin girmanta zuwa baɗi, aka haɗa mata da takardar jan kunne.

Ba ta kira shi a waya ba. Ta shiga motar haya ta yi awa huɗun nan da kanta, gwiwoyinta manne da kujerar gaba. Ta same shi a ofishinsa, ɗan ɗaki mai kabad ɗaya da ƙararrawar hannu a kan tebur, yana duba rajistar malamai. Ya miƙe zumbur.

"Dakta? Lafiya dai?"

Ta ajiye babin a gabansa ta gaya masa abin da ta yi, ba ta rage komai ba. Ya saurara har ta gama.

"Ai na sani," ya ce.

"Ka sani?"

"Shekara talatin da uku ina tambayar yara ko sun yi aikin gida. Na san fuskar wanda bai yi ba."

"To me ya sa ba ka yi magana ba, Baba?"

"Ke ce malama. Kuma da na koma gida sai na ce wa kaina, wataƙila ko da ta karanta hakan za ta ce. Mutum irina, ina ni ina zurfi." Ya shafa bangon babin. "Wannan ɗin ne ya fi yi mini ciwo. Ni da kaina na yarda da hakan."

Dakta ta sunkuyar da kai. Ta zo da shirin ya yi faɗa, ko ya ce ta fita. Wannan ba ta shirya masa ba.

Ta gaya masa maganar wata shidan. Ya ce littattafan kundin ma ya riga ya rabar da rabi, kuma matarsa ta yi murna da ta ga ya daina kai da kawowa a hanya. Zai yi shawara da ita.

"Amma tunda kin zo, ba za ki koma haka nan ba." Ya buɗe durowa ya miƙo mata jan biro. "Gyara mini shi yanzu, a gabana."

Kujerar baƙi a karye take, sai ya jawo mata bencin 'yan aji ɗaya. Ta zauna gwiwoyi kusan a haɓa, ta fara daga shafin farko. Da ta zo shafi na bakwai ta ce akwai jimlar da ta yi tsawo. Ya zagayo ya duba, ya ce bai yarda ba, suka yi ta musu har aka tashi makaranta.

Bayan sati biyu ya dawo bencin ƙofar ofishinta. Ya gama a wata na biyar, ya ci da maki mai kyau. Suna gaisawa har yau, yana kiranta duk ƙarshen zango. Amma babi na ukun da ya shiga kundin bai kai wanda ya fara kawowa ba, domin duk yadda ta roƙe shi, ya ƙi cire wasu daga cikin masanan. Ya ce gara a bar su, kada wani ya ce bai yi zurfi ba.