Famfon Len

Shekara ashirin da biyu ina aikin kai ɗauki ga jiragen kanal, wato hanyoyin ruwan nan da aka haƙa don jirage, kuma in za a bar ni in faɗi gaskiya, yawancin masu kiranmu jirginsu lafiyarsa ƙalau, su ne ke bukatar gyara. Mutum zai bugo waya yana haki wai inji ya mutu, ka tuƙo mota mil arba'in, ka taka sauran da ƙafa da akwatin kayan aiki a kafaɗa, ka je ka tarar mai ne ya ƙare, ko leda ce ta nannaɗe farfela. Sun yi rajistar shekara da kamfaninmu, don haka dole ka je, ka kuma yi musu murmushi. Ni murmushin ne ya fi ba ni wahala.

Doreen Hassall ba ta cikin irin waɗannan. Shekara talatin da ɗaya ta yi a cikin Marigold, wani dogon jirgi siriri mai koren fenti, ita da mijinta Len. Nan ne gidansu, ba su da wani. Tun farko suka raba aiki: ita ke tuƙi, shi ke kula da inji, ba mai shiga hurumin wani. Duk tsawon zamansu sau ɗaya Len ya taɓa kiranmu, shi ma sai da ya tsaya a kaina yana gaya mini yadda ake riƙe sifana. A watan Afrilu ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, ya yi kwana goma sha ɗaya a asibiti ya rasu. Doreen ta dawo jirginta ita kaɗai tana da shekara saba'in da uku, ta ci gaba da matsar da shi daga wannan matsaya zuwa waccan duk mako biyu, kamar yadda doka ta tanada.

A watan Yuni ta kira mu karo na farko. Ruwa ya taru a ramin inji, batir ya mutu. Na same ta kusa da ƙauyen Audlem, na kwashe ruwan, na sa sabon batir. Kafin in rufe katakon ramin hannuna ya kai kan ɗan tulun giris da ke can baya, na murɗa shi har ya cije. Ban ma san na yi ba. Duk wanda ya daɗe a harkar nan haka hannunsa yake yi, kamar yadda mutum ke jan ƙofa in zai fita. Na tsaya na duba, babu ɗigo ko ɗaya, na ce mata an gama.

Bayan mako biyar ta sake kira. Wannan karon ɗan injin da ke tsotse ruwan ramin ne ya ƙone don yawan aiki. Na canja shi, hannuna ya sake yin abin da ya saba, na haska tocila lungu-lungu ban ga inda ruwa ke shigowa ba. Raina ya ɓaci, don na tsani aikin da ban gane kansa ba.

"Zauna ka sha shayi, Clive," in ji ta. "Wannan fuskar taka ko agwagin kanal sai sun gudu."

"Ba ni da lokaci, Misis Hassall."

"Kana da shi. Zauna."

Na zauna. A ranar ne ta ba ni labarin asibiti, ba tare da na tambaya ba. Ta ce ciwon ya tafi da maganar Len gaba ɗaya, sai kalma biyu ya bar masa. Ya kama hannunta ya ce, "Famfo. Murɗa famfo." Ta tashi ta je famfon ɗakin ta taro masa ruwa, ya kawar da kai. Ta ɗauka ruwan ne bai yi sanyi ba, ta bar famfon ya zuba tukuna. Ya ture kofin. Rana ta ƙarshe ya buge shi daga hannunta har ruwan ya jiƙa mata riga, yana kallonta da idon da ba ta taɓa gani ba.

"Shekara arba'in da tara da aure bai taɓa ɗaga mini murya ba," ta ce. "Amma da fushina ya tafi, kuma ban san laifin da na yi ba."

Na ce mata masu irin wannan ciwo haka suke yi, ba su san abin da suke faɗa ba. Na faɗa da ƙarfin gwiwa kamar likita, na shanye shayina na tafi. Har yau in na tuna wannan maganar tawa kunya nake ji.

Kira na uku ya zo a watan Satumba, da hantsi, kuma ba Doreen ce ta buga ba, 'yarta Bridget ce. Na tarar da Marigold ɗaure ƙarƙashin wata bishiya bayan gada, gindinsa ya ɗan nutse fiye da kima. Ruwa ya kai cikin inji. Da an ƙara kwana biyu, da sai dai a kira masu ƙugiya su ciro shi daga taɓo.

Bridget tana tsaye a bakin kanal da hannu a ƙirji. Mace ce mai kirki, tsoro ne ya sa ta zama haka.

"Kai ne bakaniken da ya zo sau biyu?"

"Ni ne."

"To ka ji. Na gaya wa Mama in ruwa ya sake shiga, magana ta ƙare. Ina da ɗaki a gidana a Crewe, na riga na yi masa fenti. Ba zan zauna ina jiran ranar da za a bugo mini a ce an same ta a ƙarƙashin ruwa ba."

"Fenti launin madarar da ta kwana," in ji Doreen daga bakin ƙofar jirgi. "Ka je ka gani, Clive. Taga ɗaya, tana kallon bangon maƙwabci."

"Bangon maƙwabci ba ya nutsewa, Mama."

Doreen ta juyo. Ta dube ni. "Ka duba shi da kyau. In ka ce ƙarfen ya ruɓe, zan haɗa kayana yau, ba sai an ja ni ba. Amma kada ka yi mini ƙarya don ka ji tausayina, kada kuma ka yi wa Bridget ƙarya don tana harararka."

Na shiga ramin. Awa guda ina kwashe ruwa, sannan na goge ko'ina da tsumma har ya bushe. Wannan karon na cusa hannuwana a aljihu, na ce ba zan taɓa komai ba sai na gani da idona. Ba a yi minti ɗaya ba sai ga shi: ɗis, ɗis, ɗis, daga inda sandar farfela ke fita ta jikin jirgi zuwa cikin kanal. Wurin nan kowane jirgi yana da shi, kuma giris ne kaɗai ke toshe shi. Shi ya sa aka ɗora ɗan tulun tagulla a samansa. Duk ranar da jirgi ya yi tafiya, farfela takan cinye giris ɗin, da yamma mai jirgi ya murɗa kan tulun ya tura sabo. Aikin daƙiƙa biyar ne. Wanda ya yi hayar jirgi na mako ɗaya ma ana nuna masa tun ranar farko.

Na ɗago kai daga ramin, haushin kaina ya sa muryata ta fito da kaushi.

"Misis Hassall, ƙarfenki lafiya lau. Yaushe rabon ki murɗa famfon nan?"

"Wane famfo?"

"Famfon giris mana. Wannan." Na nuna mata. Kansa na tagulla ne mai kunne biyu, sak kan famfon wanka na dā, shi ya sa tsofaffin masu jirgi irin Len ba su san shi da wani suna ba.

Sai da kalmar ta fita daga bakina na ji abin da na faɗa.

Doreen ta dafa ƙarfen tuƙi. Ta daɗe tana kallon abin. Bridget ta sauke hannuwanta daga ƙirji, ta tako cikin jirgi a hankali, don ita ma tana asibitin a lokacin. Ita ce ma ta riƙa sayo ruwan gora kala-kala, ko ɗaya zai yi wa mahaifinta daɗi.

"Kullum da yamma," in ji Doreen, ba ta kallon kowa, "in mun ɗaure jirgi, sai ya ce bari ya je ya sallami tsohuwa, haka yake kiran injin. Ya ɗaga katakon nan ya shiga. Na ɗauka sigari yake zuwa sha a ɓoye, tun da likita ya hana shi. Shekara da shekaru ina yin kamar ban sani ba, wai ina rufa masa asiri."

"Bai taɓa nuna miki ba?"

"Ni ban taɓa nuna masa yadda ake shiga gada ba tare da an goge fenti ba. Kowa da nasa." Ta sake duban famfon. "Ashe ba ƙishirwa yake ji ba."

Wani jirgi ya zo wucewa, mai tuƙin ya rage gudu ya ɗaga mana hannu, ba wanda ya amsa masa. Na so in ce laifina ne, sau biyu na zo na murɗa shi da hannuna ban buɗe baki ba, don ban taɓa kawowa a raina cewa wadda ta yi shekara talatin a kan ruwa ba ta san shi ba. Na faɗa ɗin, a taƙaice. Doreen ta girgiza kai kawai.

Na kwance tulun, saura kaɗan giris ɗin ya ƙare. A kan wani ɗan katako gefen inji na ga gwangwanin giris na Len da cokalin da yake ɗiba da shi. Na cika tulun na mayar, na kai hannu zan murɗa.

"Cire hannunka, Clive."

Na fito daga ramin. Ta tattare siket ɗinta, Bridget ta riƙe mata gwiwar hannu har ta durƙusa a bakin katakon. Ɗaya kunnen famfon ya fi ɗayan ƙyalli, ya ɗan lotsa inda babban yatsan Len ya saba zama. Nan ta ɗora nata.

"Ta ina?"

"Dama. Ki yi ta murɗawa har sai kin ji ya cije."

Ta murɗa sau ɗaya, sau biyu. A na huɗu ya tsaya mata. Muka zuba wa sandar ido mu uku. Wani ɗigo ya taru a ƙasanta, ya yi nauyi, ya faɗo. Muka jira na gaba, bai zo ba.

Bridget ta share fuska da bayan hannu. "Kullum ake yi?"

"Duk ranar da jirgi ya motsa."

"Zan riƙa bugo miki da yamma in tambaya, Mama. Kada ki ce na dame ki."

Doreen ba ta ji ta ba. Tana nan durƙushe, yatsanta a kan tagullar, hawaye na bin gefen hancinta ba ta share ba. Ta sunkuya cikin ramin kamar mai magana da wanda ke ƙasa.

"Na ji, Len," ta ce. "Na murɗa."