Makirufon Bakin Taga

Da aka ba Kebbi jiha, ma'aikata suka kwararo daga Sakkwato da katifunsu ɗaure a saman mota, ɗakin haya ya yi wuyar samu a Birnin Kebbi. Sama'ila ya ci moriyar abin ta gefe biyu. Ya samu aikin masinja a wani sabon ofishi, ya kuma ba da ɗakin ƙofar gidansa na Gwadangaji haya ga wani malamin makaranta mai suna Nasrullahi. Aikin nan shi ne ransa. Da shi yake ci da gida, da shi aka fara ce masa Malam Sama'ila a unguwa.

Sai dai Allah ya yi shi da baki. Kullum bayan la'asar zai shimfiɗa tabarma a gindin dogon yaron ƙofar gida, shi da maƙwabcinsa Tamba, ya kwance wa Tamba duk abin da ya gani a ofis. Wata Laraba kuwa ya wuce gona da iri. Ya kama sunan ogansa, Alhaji Ja'afar, ya ce motar gwamnati ta koma motar dakon albasarsa, ya ce duk wani gurbin aiki da ya fito dangin matarsa yake cusawa, har waɗanda ba su iya rubuta sunansu ba. Yana cikin dariya ya ɗaga kai, sai ya yi ido biyu da wani baƙin abu mai kan raga, an ɗaure shi a jikin ƙarfen tagar ɗan haya. Makirufo ne, ga wayarsa ta yi cikin ɗaki.

Nan take ya daina dariyar. Zamanin soja ne, kuma korar masinja ba ta buƙatar dogon bayani.

Ya san Nasrullahi yana kaɗa jita, don yakan ji ta sama-sama, amma bai taɓa sanin akwai na'urar ɗaukar murya a gidansa ba. Washegari ya yi sallama da sunan zai duba inda rufi ke yoyo, alhali damina ta wuce. Nasrullahi ya tarbe shi da murna, irin murnar wanda ya daɗe bai samu mai tambayarsa abin da yake so ba. Ga rikoda babba a kan akwati, ga makirufo biyu, an ɗaura ɗaya a sandar tsintsiya da robar tayar keke.

"Malam, mi an na yi da har guda biyu?" in ji Sama'ila. "Ai baki ɗai gare ka."

"Maigida, baki ɗai, amma kunne biyu," in ji Nasrullahi. "Da nis sa guda ga bakina, guda ga ramin jita, sai waƙa tar rabe kamar mutum biyu da ba su san juna ba. Sai nig gicciya kawunansu wuri ɗai, ta yi daɗi amma ta ƙuntata. Jiya sai nir raba su nesa, guda nan, guda can wajen taga, don ɗakin kansa shi shiga. In ka ruhe ido, wallahi har kana gane inda kowa yake zaune."

Har kana gane inda kowa yake zaune! Sama'ila ya fito bai ko kalli rufin ba. Shi dai bai ji komai a kan waƙa ba, abin da ya ji kawai shi ne na'urar ta san wanda ke hagu da wanda ke dama, kuma jiya shi ne a dab da tagar.

Ya kai wa Tamba maganar don ya samu sanyi, Tamba ya ƙara masa wuta.

"Malamin makaranta na, ko?" in ji Tamba yana sosa gemu. "Kai ka taɓa ganin alli ga hannunai? Ni dai ban ce komi ba ranan. Kai kay yi magana, ni dariya ɗai niy yi."

Daga nan komai na Nasrullahi ya zama shaida. In ya gaishe shi da fara'a, yana lallaɓa shi ne. In ya wuce bai tsaya ba, ya riga ya samu abin da yake so. Ranar Juma'a a ofis Alhaji Ja'afar ya ce ya kawo masa ruwan sanyi bai kalle shi ba, Sama'ila ya ce shi ke nan magana ta kai masa, ko da yake tun da aka ɗauke shi aiki Alhaji bai taɓa kallonsa ba. Tsoro ya hana shi jin daɗin tuwo. Yana so ya tambayi ɗan hayar kai tsaye, amma wane ɗan leƙen asiri ne zai ce eh, ni ne?

Da safiyar Asabar Nasrullahi ya tafi Sakkwato ganin gida. Sama'ila ya ɗauko makullin da ya ajiye tun ranar ba da haya, ya buɗe ɗakin, ya zare kaset ɗin da ke cikin rikoda. Ya tsaya kallon maɓallan na'urar, ya ji tsoron kada ya taɓa wani ta ɗauki numfashinsa ma. Shi ba shi da abin jin kaset, kuma duk Birnin Kebbi babu wanda ya yarda da shi. Sai ya tuna da Labbo, wan matarsa, mai gyaran rediyo a Argungu. Ya soke kaset a aljihun ciki, ya nufi tasha.

Shagon Labbo yana bakin kasuwa, warin dalma da na busasshen kifi sun gauraye a ciki. A kan benci akwai wani dattijo yana gyangyaɗi, da wani mutum mai farar shadda yana jiran a gama masa rediyo. Sama'ila ya ja Labbo gefe, ya ce akwai abin da yake so ya ji, amma su biyu.

"Kai Sama'ila, wane irin su biyu?" in ji Labbo da ƙarfi, don shi bai iya raɗa ba. "Nan Argungu ta, wa yas san ka? Kawo mu ji."

Ya jefa kaset a wata doguwar rikoda mai sifika biyu. Muryar Nasrullahi ta fito tana cewa gwaji ne, makirufo a gicce. Jita ta biyo baya, da wata waƙa mai taushi a kan kewar gida. Aka tsaya, aka sake. Aka kuma tsayawa, Nasrullahi ya yi tari, ya ce bari ya matsar da na dama. Haka aka yi ta yi, waƙa ɗaya kamar karatun hadda, har mai farar shadda ya fara kaɗa ƙafa. Sama'ila kuwa gumi yake yi. A ganinsa duk wannan rufa-rufa ce.

Can sai muryar ta ce yanzu an raba su nesa, ɗaya yana bakin taga. Jita ta tashi, ta cika shagon, ta yi faɗi kamar an buɗe ƙofa. A ƙarƙashinta, ta sifikar hagu, akwai wani ɗan gunaguni da babu mai iya tsintar kalma ɗaya a ciki. Da Sama'ila ya bar shi a haka, da ya koma gida da aikinsa a hannu. Amma wanda zargi ya kama ba ya barin gunaguni ya wuce.

"Yaya Labbo, ba a iya kashe kiɗin ga? Wancan na ƙasa nika son ji."

"Ana rage shi dai," in ji Labbo. Ya murɗa wani maɓalli duk zuwa hagu, sifikar dama ta yi shiru, ya ƙara murya har ƙarshe.

Jita ta ja baya. Sai ga Sama'ila tar, kamar yana zaune a kan bencin, yana kiran Alhaji Ja'afar da sunan ofishinsa, yana ba da labarin mota da albasa, yana cewa dangin matar Alhaji ko sunansu ba su iya rubutawa. Ga dariyar Tamba can nesa. Dattijon da ke gyangyaɗi ya farka. Mai farar shadda ya daina kaɗa ƙafa.

Mutumin ya dubi rikoda, ya dubi Sama'ila, don muryar ba ta ɓuya ba.

"Labbo, wanga baƙo naka na?" ya tambaya a hankali.

Sai a lokacin Labbo ya tuna ko wane ne ke zaune a shagonsa.

"Sunana Abdussamadu," in ji mutumin. "Matar Alhaji Ja'afar yata ta, uwa ɗai uba ɗai. Kuma na iya rubuta sunana."

Ya ɗauki rediyonsa da bayanta a buɗe, wayoyi suna reto, ya ɗaure a babur. Sama'ila ya bi shi har bakin hanya yana Alhaji, Alhaji, don Allah tsaya, mutumin bai waiwayo ba.

Sama'ila ya dawo shago, ya zube a kan benci. Babu wanda ya tuna da kashe rikoda. Jita ta katse a tsakiyar baiti, Nasrullahi ya yi tsaki, muryarsa ta fito a gajiye.

"Kash, wanga ya ɓaci, surutun maigida ya shiga ciki. Bari sai na dawo daga Sakkwato in shahe shi in sake."