Tambayoyi Goma Sha Biyu Ta Bayan Zana

Rashida ta kai tambaya ta huɗu kafin ta yarda cewa aikin banza take yi.

"Baba, a 'yan kwanakin nan kakan ji gabanka yana faɗuwa ba dalili?"

Malam Ukasha bai dube ta ba. Ya fuskanci ƙyauren ɗakinsa, ya ce wa ƙyauren, "A gaya wa waccan lafiyata lau."

Ita ce 'yarsa ta fari. Shekararta talatin da ɗaya, bai taɓa kiran sunanta ba, bai taɓa zama sun yi hira ba. Haka ake kunyar 'yar fari a gidansu a Gazara, ta kuma sani. Ta dai ɗauka takarda da biro za su raba ta da wannan matsayi.

Shekara huɗu ta yi a Malesiya. Ta zauna da manoman shinkafa 'yan ƙabilar Malay su ɗari uku, ta yi musu waɗannan tambayoyi goma sha biyu, ta rubuta kundi a kan ciwon fargaba. Dattawa sun gaya mata abin da suka ɓoye wa matansu, don ita baƙuwa ce, gobe za ta tafi. Ga nata uban ya gagare ta.

Wata biyar ke nan bai taka fadama ba, tun ranar da Usmanu, maƙwabcinsa na iyaka, ya yanke jiki ya faɗi cikin rake, bai sake tashi ba. Sau uku an kai Malam Ukasha asibiti, an auna zuciyarsa, an ce kalau take. Shi kuwa sai ya ɗauka ciwon ya fi ƙarfin na'ura. Ya kira ƙannensa su zo yau bayan la'asar, zai raba musu fadamar. Rashida ta ga irinsa a can Malesiya. Manomin da ya saki gona don fargaba ɗaki yake komawa, ba ya ƙara fitowa.

Ta naɗe takardar, ta hau mashin zuwa Makarfi.

Laraba ce, kasuwa na ci. Ta sami Gwaggo Mero a layin mazarƙwaila tana korar ƙudan zuma da faifai. Mero taubashiyar mahaifinta ce, ita kaɗai ce a duniya za ta zage shi ya yi dariya.

Bayan sun gama gaisawa Rashida ta faɗi abin da ya kawo ta.

"Wato ke da kika haye teku, ni za ki sa aikin likita?"

"Ni zan rubuta, Gwaggo. Ke tambaya kawai za ki yi."

"Ba na karatun boko."

"Zan karanta miki a hanya. Goma sha biyu ne."

Mero ta rufe kayanta da buhu, ta bar wa maƙwabciya. "Tashi mu je. Dama na daɗe ban ci mutuncinsa ba."

Azahar ta wuce suka iso. Rashida ta zauna bayan zanan da ya raba madafa da ƙofar ɗakin, takarda a kan gwiwa. Mero ta shiga ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"An ce ka zama kaza mai kwanci. Ƙwai nawa ka saka?"

"Ke da kika binne maza biyu, ni kika biyo?"

"Kai ko kyauta aka ba ni ba na so. Kana barci kuwa, ko gadin gidan aka ba ka?"

Rashida ta riƙe biro.

"Barcin ke nan rabi da rabi," in ji shi. "In na farka sai in dafa ƙirji in ji ko tana bugawa."

Rashida ta yi alama a tambaya ta ɗaya.

Mero ba ta bi tsari ba. Ta tsallake ta biyu, ta haɗa ta biyar da ta tara, ta ƙara da wasu nata a kan rowarsa. Da malamin Rashida na can zai ga wannan, da ya soke takardar nan take. Amma amsoshin suna fitowa.

"Kai da kake kama kububuwa da hannu, an ce yanzu zuciyarka kalangu take yi."

"Ba kalangu ba ne, Mero. Kamar an ɗora mini buhun masara. Numfashi ya tsaya a wuya, hannuwa su yi sanyi, gumi ya keto. Sai in yi kalmar shahada."

"Yaushe yake zuwa?"

"Da na doshi hanyar fadama. Ko na ji an ce wane ya rasu."

"Sau nawa?"

"Ya fi arba'in."

"Ka mutu a ciki sau nawa?"

"Da wa kike magana yanzu?"

"To, shi na gani. Usmanu sau ɗaya ya faɗi, Allah ya jiƙansa. Kai sau arba'in kana sallama, har yanzu tuwon gidan nan bai huta ba."

Ya yi wata 'yar dariya. Rashida ta ƙirga alamunta. Goma cikin goma sha biyu.

Mero ta ɗaga murya. "'Yar boko, kin ji. Mene ne?"

Malam Ukasha bai tambayi ko da wa take ba. Ashe ya san tana wurin tun farko.

"Gwaggo, ki gaya masa ciwo ne sananne, ba na zuciya ba ne, ba kuma sammu ba. Tsoro ne ya kama jiki ya ƙi saki. Akwai magani, likitar ciwon tana zama ran Litinin a Ikara. Sauran aikin nasa ne. Yau ya je bakin rijiyar da ke hanyar fadama ya tsaya har abin ya zo ya wuce. Gobe ya ƙara taku ashirin."

"Ka ji," in ji Mero. "Sai na maimaita, ko kunnen bai mutu ba tukuna?"

Aka yi sallama a zaure. Muryar Tanko ce, babban ƙaninsa, da sauran masu jiran rabo.

Malam Ukasha ya yi gyaran murya. "Mero, tambayi waccan. Mutanen can da ta yi wa wannan tambaya, sun koma gonakinsu?"

Rashida ta so ta ce duka. Ta dubi takardar.

"Ba duka ba, Gwaggo. Cikin waɗanda suka yarda aka yi musu magani, bakwai a goma."

"Bakwai," ya maimaita. "Kuma cikin ruwa suke noma?"

"Har gwiwa."

Tanko ya sake sallama.

"Mero, je ki ce musu su koma. A bar maganar sai an yanke rake." Tabarma ta yi ƙara, alamar ya miƙe. "Ina aka kai takalmana?"

Babu wanda ya sani. Sai da aka duba ɗaki biyu kafin Rashida ta gano su ƙarƙashin rumbu, ƙwari sun yi gida a ƙafar hagu. Ta kakkaɓe su, ta ajiye a bakin ƙofarsa, ta koma bayan zana ta ba shi hanya.