Bangon Gabas

Zauren Hammawa yana bakin kasuwar Ƙaraye tun kafin Bature ya san hanyar garin. A cikinsa muke neman abinci: ni Sulle mai goro, da Ilu baduku, da Ɗantala maɗinki, da Mijinyawa wanzami. Ginin ƙasa ne mai kauri, ko rana ta take tsaka cikinsa sanyi ƙalau kamar randa. Goro kuwa ba abin da yake so irin wannan. Huhun gorona kan daɗe a lungu bai yanƙwane ba.

Marigayi Hammawa bai taɓa karɓar haya ba, magadansa ma haka. Ƙa'idarsa ɗaya ce: kafin damina kowa ya yaɓe rabonsa. Nawa bangon gabas, inda ruwa ke duka. Ilu ke da rufi da indararo. Kuma ba a taɓa rabon wani. Duk wanda aka yaɓe masa nasa, to, an riga an kai shi makwanci.

Sai kamfani ya kafa sikelin gyaɗa a bakin hanyar mota, aka jera rumfunan kwano, kasuwa ta karkata can. Ɗantala ya kwashe allurarsa, Mijinyawa ya bi shi, daga baya Ilu ma ya naɗe fatunsa. Ni ina zan kai goro ƙarƙashin kwano? In gasa shi?

Da bazara ta yi, Ɗantala da Mijinyawa suka zo suka shafa nasu sama-sama, kamar masu lallashin jariri, suka gudu. Amma dai sun zo. Ilu shiru.

Na same shi a sabuwar rumfarsa, gumi har gwiwar hannu. Muka gaisa, na tambayi iyali, na tambayi ciniki, sannan na ce, "Malam Ilu, an ce an yi ruwa a Rogo."

"Na ji, Malam Sulle. Bari in gama layun nan. Jibi in Allah ya yarda."

Jibin Ilu ba ta da ranar zuwa. Na koma, na sake komawa, har na fara jin kunyar ƙafata. Na gaji ƙwarai, ga baya ya ƙi ni.

Ran nan na kwaɓa ƙasa da kaina, na hau tsani ina nishi, na yaɓe bangona. Ga tsaga nan a gindin indararo, hannu ya shige. Aikin da bai kai tsakanin azahar da la'asar ba. Na debo ƙasa, na ɗaga hannu, sai na tuna rabon da na taɓa rufin nan. Ranar da muka dawo daga binne Bappa ne, mahaifin Ilu, wanda rufin yake rabonsa kafin Ilu ya gada. Mutum yana can da ransa yana ɗinkin layu, ni in yi masa wannan? Na zubar da ƙasar na sauko.

Ruwa ya zo da yamma ranar kasuwa. Da azara ta fara kuka na ja huhuna waje, ban kai ga tabarma ba rufin ya zauna. Kafin kaka sauran bangayen sun narke, magada suka zo suka kwashe azarar.

Bangon gabas yana nan tsaye, sumul, ga shatin yatsuna a jikinsa, bai riƙe komai ba. A gindinsa nake shimfiɗa buhu yanzu. Inuwarsa kan ƙare kafin rana ta yi tsaka, daga nan sai yayyafa ruwa da addu'a.

Jiya Ilu ya biyo. Ya tsuguna, ya yi mini jaje karo na ban san adadi ba, ya zaɓi fari guda ya ɓare ya tauna. Ya ɗan yamutsa fuska.

"Malam Sulle," ya ce, "goron nan naka ya bushe fa."